Tafiyar Yini Guda daga Kano: Nazari a kan Ziyartar Wuraren da ke Kusa da Gida



Duk lokacin da aka tayar da zancen yawon buɗe ido a taro, hankalin jama'a yakan tafi ɗayan wurare biyu, ko dai ga jirgin sama da biza da kasuwannin Dubai, ko kuwa ga Baturen da ake fatan ya zo da kyamararsa ya bar mana kuɗin ƙasarsu. Wannan maƙala ba ta nufi ko ɗaya daga cikinsu ba. Na taƙaita ta ga iyakar ƙasar da mutum zai iya barin Kano bayan sallar asuba ya kai gare ta, ya ga abin da ya je gani, ya komo kafin lisha, ko kuwa, in tafiyar ta miƙa, ya kwana ɗaya. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, mutanenmu ba su rasa sha'awar zuwa waɗannan wurare ba, ba su kuma rasa wuraren zuwa ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sahihin bayani da maziyarci zai tarar a wurin, cikin harshen da yake ji, tare da ɗan tanadin da zai sa magidanci ya yarda ya ɗauki iyalinsa ya kai su.

Bahaushe da tafiya ba yau suka saba ba. Fatake sun bi hanyar Gwanja da jakuna don sayo goro, alhazai sun ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, wasunsu suka share shekaru kafin su ga Bahar Maliya, wasu kuma suka zauna a Sudan har yau zuriyarsu na can, almajirai kuwa sun yi gabas neman tilawa. Da boko ya zo, sai aka fara rubuta labarin tafiya, amma galibi tafiyar nesa ce aka ga ta cancanci tawada: Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama a kan tasa tafiyar zuwa Turai. Daga nan wasu suka ɗauka cewa tafiyar kusa ba ta cikin ɗabi'armu, kuma wannan zato kuskure ne bayyananne. Wanda ya taɓa ganin yadda Kanawa, maza da mata da yara, suke cika Dutsen Dala ranar Takutaha, mako guda bayan Maulidi, ko yadda mutanen karkara suke kwararowa birni kallon Hawan Daushe, ko taron Sallar Gani a Daura, ko ayarin masu ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato, ya san cewa al'ummar nan tana tafiya don gani da ido, tana kuwa kashe dukiyarta a kai ba tare da wata hukuma ta yi mata shela ba. Har cin kasuwar mako, kamar ta Wudil ran Juma'a, da ta Ɗambatta ran Lahadi, da ta Maigatari ran Alhamis, ba saye da sayarwa kaɗai ke kai mutane ba. Da yawa sukan je ne su ga shanu da raƙuma, su ji labari, su ci tsire, su komo.

Cikin birni

Dala ya kamata a fara hawa, domin daga kansa ake fahimtar sauran. Masu binciken kufai sun sami alamun narkar da tama a gindinsa waɗanda gwajin kimiyya ya mayar da su wajen ƙarni na bakwai na Miladiyya, wato tun kafin a yi sarautar da Tarihin Kano ya faro da ita daga Bagauda, kuma littafin nan ya ambaci Barbushe da bautar Tsumburbura a wannan wuri. A 1851 Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya hau dutsen ya zana hoton garin, ya kuma ƙiyasta mazaunansa da dubu 30, adadin da ya ce yakan ninka a lokacin zuwan fatake. Abin lura a nan, a zamaninsa babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili, domin magabata da suka kewaye garin sun yi tunanin ranar da abokan gaba za su yi masa ƙawanya, suka shigar da ƙasar noma cikin katanga don kada yunwa ta buɗe ƙofar da mashi ya kasa buɗewa. Yaron makarantar da aka tsayar a kan Dala, aka nuna masa Goron Dutse, aka nuna masa hasumiyoyin Masallacin Juma'a da Gidan Rumfa, sannan aka gaya masa cewa gidajen da yake gani sun cushe har iyakar ganinsa a da dawa da gero ne ke tsaye a wurin, ya koyi tarihi da labarin ƙasa da siyasar yaƙi a cikin sa'a guda, kuma da wuya ya manta.

Ganuwar kuwa, wadda ake danganta fara gininta ga Sarki Gijimasu (1095–1134), aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) da bayansa, halin da take ciki abin takaici ne ga duk mai kishin garin. An shigar da ita jerin share fage na wuraren tarihi na UNESCO tun 2007, amma wannan bai hana masu ɗibar ƙasa su ci gefenta ba, bai kuma hana a kafa shaguna da gidaje a kan gurbinta ba, har ya zamana a wurare da yawa sai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce nan badala take a da. Ƙofofin sun fi samun gata, ko da yake gatan nasu sau da yawa rushewa ne a sāke su da siminti don motoci su sami hanya. Dubban mutane na wucewa ta Ƙofar Kabuga kullum, alhali kaɗan ne daga cikinsu suka san ta wannan ɓangare sojojin Ingila suka shiga birnin a ranar 3 ga Fabrairu, 1903.

Gidan Makama, inda ruwaya ta ce Rumfa ya zauna kafin ya gina fadar da ake ciki yanzu, shi ne wurin da aka fi kyautata wa maziyarci, domin akwai ma'aikata masu bayani, akwai kayan yaƙi da na sarauta da tsofaffin ƙyamaren ƙofofi, ga kuma ginin kansa, da bakan gizonsa da azararsa, wanda ya isa darasi. Daga nan zuwa Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. A marinar mutum zai ga yadda ake haɗa baba da toka da katsi a cikin karofi, a bar shi kwanaki ya nuna, a yi ta tsoma zane ana fitarwa yana shan iska har shuɗin ya kama; sai dai karofin da ke aiki sun ragu ƙwarai, yawancinsu sun cike da shara, saboda rinin kanti da atamfar waje sun kashe kasuwar. Wanda ya ƙara ɗan nisa zuwa Kura zai tarar da mabuga suna bugun baƙin yadi mai walƙiya, irin wanda Buzaye suke naɗawa tun daga Agadas har cikin Sahara.

Bayan ganuwa

A arewacin birni, kusa ƙwarai, akwai Fanisau, inda Sarki Ibrahim Dabo (1819–1846) ya yi ribaɗi lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, kuma a can ne Bature matafiyi Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824. Ban da ranar hawan Sarki, ba safai ake tunawa da garin ba.

Wurin da na fi ganin an yi wa rashin adalci shi ne Birnin Kudu, a jihar Jigawa, kan hanyar Maiduguri, tafiyar da ba ta kai sa'a uku ba. A cikin kogunan duwatsun da ke gefen garin, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu a jikin dutse da jan launi da fari, waɗanda Bernard Fagg na hukumar kayan tarihi ya bayyana wa duniyar masana a shekarun 1950, tare da wasu duwatsu masu amo waɗanda in an buga su sukan yi ƙara kamar ƙararrawa. Abin da ya sa zanen ya zama hujja mai nauyi shi ne yawancin shanun ba su da tozo, alhali duk saniyar da Bafulatani yake kora a ƙasar nan yau mai tozo ce. Ma'ana, waɗanda suka yi zanen sun rayu da wani irin garke dabam, a wani zamani da ya gabaci shigowar shanun da muka sani. Da irin wannan kogo a wata ƙasa yake, da an yi masa littattafai, an kuma jera motocin 'yan makaranta a bakinsa. Mu kuwa ɗalibi yakan gama digiri a fannin tarihi a Kano ko Dutse ƙafarsa ba ta taka wurin ba.

Daura ba ta bukatar gabatarwa, domin babu ɗan firamaren da bai ji labarin Bayajida da Daurama da macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ran Juma'a ba, kuma rijiyar Kusugu tana nan an gina mata ɗaki, maziyarta na ja da guga suna sha. Katsina tana da Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ta ga zamanin Muhammadu Korau, da kushewun Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A ƙasar Mani kuma akwai tuddan Durɓi ta Kusheyi, makabartar sarakunan farko, wadda wani Bature mai suna Palmer ya fara tonawa a 1907. Ta kudu, Zariya tana da Dutsen Kufena, da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, ginin da masana suke lissafa shi a sahun gaba na gine-ginen ƙasa a Afirka ta Yamma, ko da yake tun shekarun 1970 an lulluɓe shi da sabon gini, sai wanda ya shiga ciki yake ganin gwanintar.

Mas'alar ruwaya

A nan ne nake son in daɗe kaɗan, domin nan ne aikin ya rataya a wuyanmu mu malaman jami'a. Maziyarcin da ya isa ɗayan waɗannan wurare, in ya yi sa'a ya sami mai yi masa bayani, abin da zai ji yawanci gauraye ne: tarihi tabbatacce, da ruwayar baka mai daraja, da ƙarin gishirin da aka ƙirƙira shekaran jiya don a burge baƙo, duk a jere cikin murya ɗaya, ba a bambance masa wannan daga wancan ba. Mu kuwa al'umma ce da ta gāji ilmin isnadi, wadda malamanta suka san bambancin sahihi da hasani da la'ifi, suka kuma saba tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. Abin mamaki ne a ce mun ajiye wannan ma'auni a zauren karatu, ba mu fito da shi bakin rijiya da gindin dutse ba.

Ga misali. Ana faɗin cewa Bagauda ya hau sarauta a 999 kamar an ga wanda ya rubuta ranar, alhali Tarihin Kano adadin shekarun mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer kuma, da ya buga fassararsa a 1908, ya yi lissafi da baya ya fitar da shekarun Miladiyya. In marubucin asali ya ƙara wa sarki ɗaya shekara goma, duk na gabansa sun gusa. Haka shekarar 1498 da ake ambata wa marinar Ƙofar Mata, ruwaya ce da ta dace da zamanin Rumfa, ba takardar shaida ba. Labarin Bayajida ma, masana sun daɗe suna saɓani a kansa, wasu na ganin yana ɗauke da ƙwayar tarihin shigowar baƙi da sauyin sarauta daga mata zuwa maza, wasu na ganin an tsara shi daga baya don a bayyana zumuncin da ke tsakanin Hausa Bakwai. Faɗa wa maziyarci wannan ba ya rage wa wurin kwarjini ko kaɗan. A ganina ma ƙara masa yake yi, domin mai hankali ya fi girmama wanda ya ce masa ga abin da aka tabbatar, ga abin da kakanni suka ruwaito, ga inda aka yi saɓani, a kan wanda ya rantse masa a kan kome. Sassan tarihi da na Hausa a jami'o'inmu cike suke da kundayen digiri a kan kusan kowane gari da na ambata, suna kwance ƙura na ci. Fitar da shafi biyu daga kowanne, cikin Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, a kafa a allo a wurin, a kuma koyar da samarin unguwar su riƙa bayani da shi suna samun na cefane, aiki ne da bai fi ƙarfin sashe guda ba.

Akwai kuma wani shakku da ke hana wasu iyaye kai 'ya'yansu, wanda bai kamata a yi masa dariya ba, wato tsoron kada ziyartar Dala ko Kusugu ko kushewun waliyyai ta zama raya al'adun jahiliyya ko ƙofar shirka. Amsar tana cikin niyya da kuma irin bayanin da ake yi a wurin. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen magabata ya kasance, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya buɗe Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Sudan da mutanensu da labaran asalinsu. Zuwa don i'itibari dabam, zuwa don neman biyan bukata daga dutse ko ruwa dabam. Inda babu mai bayani na ƙwarai, a nan ne camfi yake samun wurin zama, sai ka ji ana gaya wa mata cewa ruwan kaza yana ba da haihuwa.

Wa aka gina wa?

Gwamnatocinmu sun taɓa kashe kuɗi a wannan fanni, ba a ce ba su yi ba. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, aka kafa otal a bakin tafkin Bagauda da wani a kan dutse a Tiga, aka kuma buɗe Gidan Zoo a cikin Kano. Darasin yana cikin abin da ya biyo baya. Otal ɗin Bagauda, wanda aka tsara don manyan baƙi da masu kuɗi, bai ɗore a matsayinsa ba, har daga baya aka mayar da wurin reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Gidan Zoo kuwa, da yake kuɗin shigarsa daidai aljihun talaka ne, kuma ana isa gare shi da a-daidaita-sahu, har gobe ranar Sallah sai an yi turereniya a ƙofarsa. Baƙon waje yakan ɗauke ƙafa da zarar an ji ƙarar bindiga sau ɗaya a rediyo, kamar yadda aka gani bayan hare-haren Janairun 2012 a Kano, amma mutumin Gwarzo ko Bichi yana nan, shi da matansa da 'ya'yansa, kuma shi ne maziyarcin da ya kamata a yi wa tanadi.

Bukatunsa kuwa ba masu tsada ba ne. Yana son inuwar da zai zauna, da ruwan sha, da makewayi mai tsabta wanda aka raba na mata da na maza, da wurin alwala da salla, da kuɗin shiga da aka rubuta a allo don kada a dubi rigarsa a yanka masa farashi. Rashin makewayi kaɗai ya isa ya hana rabin al'umma, wato mata, zuwa wuri, kuma duk wanda ya taɓa jagorantar ɗalibai mata zuwa yawon ilmi ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sauran cikas biyu sun fi ƙarfin mai maƙala. Na farko tsaro: dajin Falgore, a kan hanyar Jos, wanda aka keɓe don namun daji, ya yi shekaru yana zaman maɓoyar ɓarayin shanu, wasu sassan ƙasar Katsina da Zamfara kuwa, inda kufan 'Yandoto da duwatsun Kwatarkwashi suke, ba wanda zai ba shugaban makaranta shawarar ya kai yara can a halin yanzu. Har Hawan Sallar Kano, wanda UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, an dakatar da shi a wasu sallolin baya-bayan nan saboda takaddamar sarauta. Na biyu tsadar mai tun bayan janye tallafi a Mayun 2023, wadda ta sa kuɗin mota ya ninka. Sai dai wannan, in an lura, hujja ce ga tafiyar kusa, domin magidancin da Yankari ta fi ƙarfinsa bana, Tiga ko Birnin Kudu ba su fi ƙarfinsa ba, musamman in makarantar Islamiyya ko ƙungiyar unguwa ta haɗa kuɗi ta ɗauki bas guda.

Da gangan na bar Damagaram, wato Zinder, a ƙarshe, domin ita ce ke nuna cewa kusa da gida ba ya tsayawa inda taswirar Turawa ta tsaya. Daga Kano zuwa Zinder bai kai nisan Kano zuwa Abuja ba, ko ta Daura da Kwangwalam da Matamaye aka bi, ko ta Ɓaɓura da Magarya, kuma Maraɗi ta fi kusa da Katsina a kan Kano. A unguwar Birni ta Zinder, wadda ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu, mai ganuwa da igwa, garin da kuma ya zama hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, Bakano zai ga gidajen ƙasa masu zanko da zanen bango irin waɗanda kakanninsa suka zauna a ciki, waɗanda a garinsu siminti da kwano suka kusa cinyewa, ya kuma yi ciniki da harshensa ba tare da tafinta ba. Rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya katse wannan zirga-zirga na tsawon watanni, kuma ko bayan buɗewa, yawan shingayen jami'ai a hanya da canjin sefa sun sa mai zuwa kallo kawai yakan yi nauyin jiki. Shawarata ga jami'o'in Kano da Katsina da takwarorinsu na Zinder da Maraɗi ita ce su fara da musayar ɗalibai na kwana biyu a kowane zangon karatu, da wasiƙar hukuma a hannun jagora don a sauƙaƙa musu a iyaka, kowane ɗalibi kuma a wajabta masa rubuta abin da ya gani da Hausa, a tara a ɗakin karatu na sashen.